Dusa da madara: amsoshin tambayoyin masu shanun tatsa

Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan dusa suke: wacce za a saya, nawa za a ba saniya, da dalilin da ya sa wani ya ƙara dusa madara ta ƙaru, wani kuma ya ƙara ta ragu. Akwai abu ɗaya da zai yi ta dawowa a amsoshin. Kowace dusa saura ce. Injin niƙa ko kamfani ya riga ya ɗebe abin da yake so daga ƙwayar hatsin, galibi sitaci, abin da ya rage kuma ya yi yawa ta wani ɓangaren, ya yi ƙaranci ta wani. Shi ya sa babu dusar da ta isa ta riƙe saniyar tatsa ita kaɗai. Alƙaluman da za mu kawo na busasshen nauyi ne, wato nauyin abinci bayan an fitar da ruwan da ke cikinsa, kuma matsakaita ne, domin dusar inji biyu ba ta zama daidai.

Tambaya: Ina da saniya mai nauyin kilo 400, tana ba ni lita 10 a rana. Busasshiyar ciyawa da kara take ci. Tsakanin dusar masara, ta alkama da ta shinkafa, wacce zan saya?

Amsa: Malam, in dole sai ɗaya, ɗauki ta alkama. Amma haɗawa ta fi, ga kuma lissafin.

Saniyar tatsa takan ci busasshen abinci kusan kashi 3 cikin 100 na nauyinta, wato taka za ta ci wajen kilo 12. Furotin da take buƙata don riƙe jikinta da yin lita 10 ya kai kusan gram 1,200 a rana, domin kowace litar madara tana cin gram 85 zuwa 90. Busasshiyar ciyawa da kara ba su cika wuce kashi 5 na furotin ba, saboda haka kilo 8 nasu gram 400 kawai za su ba ta. In ka ɗora mata kilo 4 na dusar masara, mai furotin kashi 9 zuwa 11, ka ƙara gram 400. Jimla 800 ke nan, saura 400 ba su samu ba, kuma wannan giɓin ya kai na lita 4 zuwa 5. Saniyar za ta cike shi daga naman jikinta na ɗan lokaci, daga nan madara ta sauka. Dusar masara abincin ƙarfi ce, ba ta furotin ba.

Dusar alkama tana da furotin kashi 15 zuwa 17, shanu na son ta, tana kuma sassauta ciki, sai dai ƙarfinta bai kai na ta masara ba. Ta shinkafa tana tsakiya a furotin, kashi 12 zuwa 14, amma man da ke cikinta ya sa ba a ba da ita da yawa. Za mu zo kanta.

Haɗin kilo 100 da za ka iya farawa da shi: dusar masara kilo 50, dusar alkama 27, ƙulin da aka matse wa mai, na gyaɗa ko na waken suya, 20, garin dutsen farar ƙasa wanda ba a ƙona ba 2, gishiri 1. Wannan zai ba da furotin kusan kashi 17. In ƙulin angurya ka samu, ƙara shi zuwa kilo 28 ko 30 ka rage dusar masara, domin furotinsa bai kai na waɗancan ba. Ka ba ta kilo 4 na haɗin a rana, bisa ƙa'idar kilo 1 ga kowace lita 2 da rabi. Sannan a cikin kilo 8 na ciyawar, mayar da kilo 2 harawa. Da haka lissafin ya rufe: gram 300 daga ciyawa da kara, 260 daga harawa, 680 daga haɗi.

Tambaya: Ina ba saniyata dusar masara kilo 3, sai na mayar da ita kilo 7 a rana ɗaya don madara ta ƙaru. Ta ƙaru kwana uku, daga nan ta faɗi ƙasa da yadda take da. Yanzu kashinta ruwa-ruwa ne, madarar kuma ta tsinke, ba maiƙo. Dusar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wataƙila dusar lafiyarta lau, 'yar'uwa. Yawanta da saurin ƙarin ne suka tsamar da tumbin saniyar.

Abin da saniya ta haɗiya, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne suke fara narka shi, kuma rukuni-rukuni ne: akwai masu cin zaren ciyawa, akwai masu cin sitaci. Masu cin zare ba sa jure tsami. A ma'aunin tsami, inda raguwar lamba ke nufin ƙaruwar tsami, tumbi mai lafiya yana tsakanin 6 da 6.8, da zarar ya sauka ƙasa da 5.8 ya zauna a can na sa'o'i, sai su fara mutuwa. Dusar masara, musamman wadda gari ya yi yawa a cikinta, tana narkewa da sauri ta zubo asid a lokaci ɗaya. Abin da yake kashe wannan tsamin shi ne yawun saniya, wanda takan yi fiye da lita 100 nasa a rana, kuma mafi yawansa lokacin tauna da tuƙa yake zuba. Dusa ba ta sa tuƙa, doguwar ciyawa ce take sa ta. To saniyar da ta cika cikinta da kilo 7 na dusa ta rage cin ciyawa, tuƙa ta ragu, yawu ya ragu, asid kuma ya ƙaru. Maiƙon madara kuwa, babban rabonsa daga narkewar zare yake fitowa, shi ya sa shi ne ya fara ɓacewa.

Alamomin da za ki duba: kashi mai kumfa ko mai tsamin wari, cin abinci yau da yawa gobe kaɗan, da ƙarancin tuƙa. Saniya mai lafiya takan yi tuƙar sa'a 7 zuwa 8 a yini, tana tauna kowace loma sau 50 zuwa 60 kafin ta sake haɗiyewa. Tsaya ki ƙirga. In kin ga tana haɗiyewa a 30 ko 40, zare bai ishe ta ba. In aka bar matsalar ta daɗe, bayan makonni sai ɗingishi ya biyo, domin tsamin tumbi yana taɓa naman da ke cikin kofato.

Gyaran: koma kilo 3 yau ɗin nan. Ki ba ta ciyawa mai tsawo iya cinta, kuma in ana yanka mata kara kada a yanka ƙasa da santimita 4 ko 5, kada kuma a niƙe shi. Ciyawa ta riga dusa shiga ciki kowace safiya. Ki zuba bekin soda gram 100 zuwa 150 a cikin dusar kowace rana har kashi ya daidaita. Bayan mako ɗaya, in tuƙa ta dawo, sai ki fara ƙarin rabin kilo duk bayan kwana 2 ko 3. Kada ta ci fiye da kilo 2 da rabi zuwa 3 a zama ɗaya. Raba shi biyu ko uku. Kuma kome yawan madararta, ciyawa kada ta gaza rabin busasshen abincin da take ci. Ana iya sauka zuwa kashi 40 a gonakin da ake awon komai da sikeli, amma ba mu ba mai ƙaramin garke shawarar ya kusanci nan.

Wani abu da masu kiwo da yawa ke yi wanda ke ƙara dagula lamarin shi ne dama dusa da ruwa mai yawa har saniya ta shanye ta. Abin da aka sha ba a tauna shi, ba ya kuma jawo yawu. A yayyafa ruwa kaɗan don ƙura ta kwanta, ruwan sha kuma a ajiye shi daban.

In saniya ta daina ci gaba ɗaya, ko cikinta ya kumbura ta hagu, ko ta kwanta ta kasa tashi, wannan ya wuce gyaran abinci. A kira likitan dabbobi nan take.

Tambaya: Ana sayar da jiƙaƙƙiyar dusar sha'ir daga kamfanin malt da giya, kilonta ya fi na busasshiyar dusa araha sosai. In koma kanta?

Amsa: Abinci ne mai kyau ga saniyar tatsa, kuma ana tace shi ne kafin a sa yis, saboda haka sabuwar dusar ba ta ɗauke da barasa. Amma arhar tana buƙatar lissafi, domin kashi 75 zuwa 80 nata ruwa ne. Kilo 4 nata ne suke daidai da kilo 1 na busasshiyar dusa. Ka haɗa kuɗin kilo 4 da kuɗin dakonsu, ka ƙara abin da zai lalace kafin a cinye, sannan ka kwatanta. In ta tashi daidai da dusar alkama ma ka ci riba, domin furotinta kashi 25 zuwa 30 ne, kuma wani ɓangarensa yana wuce tumbi bai narke ba ya isa hanji, abin da saniya mai yawan madara take amfana da shi. Abin da ba ta da shi shi ne sitaci, an riga an jiƙe shi an tafi da shi. Saboda haka gurbin ƙuli da dusar alkama take cikewa. Dusar masara tana nan a wurinta.

Fara da kilo 2 zuwa 3 a rana, ka hau a hankali cikin mako biyu zuwa kilo 8 ko 10 ga saniya mai kilo 400. Wannan ya kai kusan kashi 20 na busasshen abincinta, kuma nan ne iyakar da ta dace. Fiye da haka ruwan yana cika ciki ya rage cin ciyawa.

Inda ake asara shi ne ajiya. A lokacin zafi kwana 2 zuwa 3 take yi ta fara tsami da hunhuna, a sanyi takan kai 5 zuwa 7. In ba za a cinye a wannan tsakanin ba, a bar ruwan ya tsane, a ɗura ta a ganga ko babbar leda mai kauri tun ranar da ta iso, a danne sosai iska ta fita, a barbaɗa gishiri a sama, a rufe ruf. Bayan mako uku ta zama abincin ajiya. Duk gangar da aka buɗe a ci gaba da ɗiba kullum har ta ƙare. A riƙa ba da ita bayan tatsa, domin madara tana saurin ɗaukar warin abin da ke kusa da ita, a kuma wanke komi kafin a zuba sabuwa.

Tambaya: Yaya zan gane dusar shinkafa ta gari? Wadda na saya shanu sun ƙi ta bayan mako uku.

Amsa: Abu biyu ne suke ɓata ta, ɓuntu da mai. Ɓuntu, wato ɓawon waje mai kaushi, furotinsa bai wuce kashi 3 ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa kuma sinadarin yashi ne da ba ya narkewa. Ƙananan injina masu surfe sau ɗaya suna fitar da shi haɗe da dusar, wasu masu sayarwa kuma da gangan suke niƙa shi su cuɗa. Murza kaɗan tsakanin yatsu: ta gari tana da laushi da ɗan santsin mai, in ka dunƙule ta a hannu takan ɗan riƙe, mai ɓuntu tana da kaushi tana kuma wargajewa. Zuba cokali biyu a kofin gilashi mai ruwa ka motsa ka bar shi ya kwanta. Yashi, in an zuba don nauyi, shi zai fara sauka ƙasa, ɓuntun da bai niƙu sosai ba kuma za ka gan shi tsinke-tsinke.

Taka kuwa da alama man ne ya lalace. Dusar shinkafa tana da mai kashi 15 zuwa 20, kuma tun daga ranar surfe wani sinadari da ke cikinta yake fara farfasa shi, har ya yi wari ya yi ɗaci. Ka sayi ta mako biyu kawai. Dusar shinkafar da aka turara kafin surfe ta fi daɗewa, domin zafi ya kashe sinadarin, haka ma wadda aka tatse wa mai.

Ko mai kyau ce, kada ta wuce kilo 1 da rabi zuwa 2 a rana. Mai a dukkan abincin saniya bai kamata ya haura kashi 6 ba, wato gram 720 cikin kilo 12, kuma sauran abincin ya riga ya kawo kusan rabin haka. In ya yi yawa yana hana masu cin zare aiki, sai ka ga abin mamaki: an ƙara mai a abinci, maiƙon madara ya ragu.

Tambaya: Shanuna dusar alkama suke ci kilo 4 kowacce. Mai shagon magani ya ce in sayi garin ma'adinai mai kalsiyam da fosfaras. Ya zama dole?

Amsa: Kalsiyam ya zama dole, fosfaras kuwa kana da shi har ya yi yawa. Kilo 4 na dusar alkama suna ɗauke da fosfaras wajen gram 45, kalsiyam kuma gram 5 kacal. Abin da ake so a abincin saniyar tatsa akasin haka ne, kalsiyam ya ninka fosfaras sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Kowace litar madara tana fita da kalsiyam gram 1.2, kuma saniya mai lita 10 zuwa 12 tana buƙatar gram 50 zuwa 60 a abincinta, tunda ba duk abin da ta ci jiki ke ɗauka ba. In bai samu ba sai ta riƙa zara daga ƙashinta.

Abin da ya fi araha shi ne garin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haɗa wa kajin ƙwai, mai kalsiyam kashi 36 zuwa 38. Wanda ba a ƙona ba muke nufi. Ƙonanniyar farar ƙasa ta shafen bango tana ƙona baki da ciki. Kilo 2 a cikin kilo 100 na dusa, ko gram 80 zuwa 100 ga kowace saniya a rana. Mai cin harawa da yawa ba ta buƙatar kaiwa haka. Ka ƙara gishiri kilo 1 cikin 100, ka kuma nemi garin ƙananan ma'adinai da bitamin wanda fosfaras ɗinsa kaɗan ne. Dusar shinkafa da ta kamfanin itanol, wato barasar da masana'antu ke yi da masara, duk wannan halin na yawan fosfaras da ƙarancin kalsiyam gare su.

Akwai togaciya ɗaya mai muhimmanci. Saniyar da ta rage mako uku ta haihu, a janye mata dutsen farar ƙasa da bekin soda, kada kuma a cika ta da dusar alkama. In jiki ya saba samun kalsiyam a sauƙaƙe, ba ya shirya zaro shi daga ƙashi, sai ranar da hantsa ta cika ya kasa, saniya ta kwanta da ciwon nan na faɗuwar kalsiyam bayan haihuwa. Da ta haihu sai a mayar mata.

Tambaya: An yi mini tayin buhunan dusar masara da ruwa ya taɓa, sun ɗan dunƙule, a rabin kuɗi. In na shanya a rana ba shi ke nan ba?

Amsa: Kada ka saya. Rana tana busar da dusa, ba ta kashe gubar da hunhuna ya riga ya zuba. Wadda aka fi tsoro ita ce aflatoksin, kuma masara da gyaɗa da angurya su ne ta fi kamawa. Saniya ta ci, hantarta ta juya ta zuwa wani nau'i da ke fita a madara cikin sa'a 12 zuwa 24. Abin da ke ratsawa kaɗan ne, kashi 1 zuwa 6 na abin da ta ci, amma gubar tana da ƙarfin da ya sa Tarayyar Turai ta sa iyakarta a maikrogram 0.05 cikin kilon madara, Amurka kuma 0.5 (maikrogram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na gram). Tafasa madara ba ta kawar da ita, kuma tana cutar da hantar mai sha, yara sun fi shiga haɗari. Ita kanta saniyar cinta yana raguwa, madara ta sauka, ɗaukar ciki ya yi wuya. In an riga an ba da irin wannan dusar, a tsayar. Madarar takan tsarkaka cikin kwana 3 zuwa 4.

Don taka ta gida: dusa ta shiga ɗaki a bushe, danshinta ƙasa da kashi 13. Tura hannu tsakiyar buhu, in ka ji ɗumi ko warin rima, bar shi. A jera buhuna a kan katako nesa da bango, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita.

Tambaya: Busasshiyar dusar kamfanin itanol kala biyu na gani, mai ruwan zinariya da mai duhu. Wacce?

Amsa: Mai ruwan zinariya. Duhu da warin ƙuna alama ce ta zafin busarwa ya yi yawa, ya ɗaure wani ɓangare na furotin yadda saniya ba za ta narka shi ba. Tunda sitaci kusan kashi biyu cikin uku ne na ƙwayar masara kuma an mayar da shi itanol, duk abin da ya rage ya ninka kusan sau uku: furotin ya kai wajen kashi 30, mai kashi 10 ko ƙasa da haka in an rage shi, fosfaras ma haka, gubar hunhuna ma haka in masarar tana da ita. Tsaya a kashi 15 zuwa 20 na busasshen abinci. Ka nemi takardar awo ka duba salfa, domin in ta haura kashi 0.4 a dukkan abincin tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, dabba ta makance ko ta riƙa tangaɗi.

Tambaya: Na ƙara wa shanuna huɗu dusa kilo 2 kowacce, biyu sun ƙara madara, biyu ƙiba kawai suka yi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ba lallai a dusar yake ba. Ƙa'idar kilo 1 ga lita 2 da rabi ta rabon abinci ce, ba alkawari ba ce cewa kowane ƙarin kilo zai kawo lita 2 da rabi. Saniya in ta sami dusa tana rage ciyawa, saboda haka ribar ƙarin kilo ɗaya galibi tsakanin rabin lita ne da lita ɗaya da rabi, tana kuma raguwa da kowane kilon da aka ɗora.

Wadda za ta amsa ita ce sabuwar haihuwa. Madara tana kai ƙololuwa a mako na 6 zuwa na 8, alhali cin abinci ba ya kai nasa sai wajen mako na 10 zuwa na 12, don haka a watanni ukun farko saniya a cikin giɓi take, duk abin da ka ba ta hantsa yake tafiya. Wadda ta yi wata bakwai ana tatsarta, ga ciki, jikinta za ta gina. Jini ma yana da iyakarsa: saniyar da iyakarta lita 4 ce, dusa ba za ta kai ta 10 ba. Sai ruwa, wanda ake yawan mantawa. Kashi 87 na madara ruwa ne, kuma saniyar tatsa tana buƙatar wajen lita 4 zuwa 5 na ruwa ga kowace litar madara, fiye da haka a lokacin zafi. Wadda ake shayarwa sau ɗaya a yini ba za ta nuna amfanin dusa ba.

Ka daina raba musu daidai. Auna madarar kowace saniya safe da yamma na mako ɗaya ka rubuta. Ƙara mata kilo 1 a matakai biyu na rabin kilo, ka jira kwana 10, ka sake aunawa na mako ɗaya. In kuɗin ƙarin madarar ya fi kuɗin kilon, sake ƙara wani. In bai fi ba, janye shi ka mayar wa wadda ta haihu kwanan nan. Biyun da suka yi ƙiba, rage musu rabin kilo duk bayan kwana uku har su koma inda suke da, domin saniyar da ta haihu da kitse mai yawa takan kasa cin abinci sosai a makonnin farko, lokacin da ta fi buƙatarsa.